Abin da Maman Marta ta faɗa min a bakin murhu

Muna bakin murhu muna tuƙa tuwon sunan jikata a nan Garwa, ni da maƙwabciyata Maman Marta, Kirista 'yar garin Poli. Ita ce ta yi jinyata a asibiti lokacin da aka yi min aiki, har wanka ita take min.

Cikin hira na ce mata, "Ke kam aljanna taki ce. Ai kowa da hanyarsa, duk wuri ɗaya za mu tarar."

Na ɗauka za ta yi dariya. Sai ta ajiye muciya, ta dube ni.

"Adda Hauwa, ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. A wurinmu hanya ɗaya ce, Yesu ne kaɗai. Tun da na san ki nake sa sunanki a addu'a, wata rana har da kuka."

Ashe matar da ta riƙe ni a gadon asibiti kallon ɓatacciya take min?

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tuna ni ma bayan kowace sallah ina roƙa mata shiriya, ban dai taɓa faɗa mata ba.

Da na faɗa mata hakan, sai ta ce, "To, kar ki daina. Ni ma ba zan daina ba."

Har yanzu maganar ba ta sake ni ba. Ku da kuke da irin wannan maƙwabta, kun taɓa tambayarsu abin da suke roƙa muku?