Na Je Doha Neman Suna Ɗaya

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da wani abokina. Shi ƙwallo ce ta kai shi Doha. Ni kuwa ko 'yan wasa nawa ne a fili sai na yi tunani, amma na sayi tikiti, don a lokacin gasar kofin duniya ita ce hanyar shiga ƙasar mafi sauƙi.

Maganar ƙanena ce ta tashe ni. Bayan 'yan bindiga sun ƙone ƙauyenmu ya bi ta hamada har wata ƙasar Turai, ya nemi mafaka aka hana shi. Ya ɗaukaka ƙara, aka kore ta. Ya sake a lokacin korona, aka yi zama ta bidiyo, aka sake korarta. Saura zama ɗaya. In ya faɗi za a sako shi a jirgi, kuma waɗanda suka ƙone garin sun san fuskarsa.

Shaidarsa ɗaya ne tak, Baba Sale maƙwabcinmu, wanda yanzu yake gadi a Doha. A gaban su biyu aka harbe ɗan Baba na fari. A wancan zaman na bidiyo sau uku alƙali yana tambayarsa sunan mamacin, shi kuma yana cewa "yaron nan". Sai alƙali ya rubuta cewa wanda bai san sunan ɗansa ba, ba a kama maganarsa. Lauyar ƙanena ta yi musu bayanin kunyar ɗan fari a rubuce, ba su saurara ba. Na yi ta roƙon Baba a waya, sai ya ce layin ba kyau.

Doha ta cika ta batse. Jirgin ƙasansu ba direba, kuma kyauta ne ga mai katin gasar. Abokina sai ɗaukar hoto yake, ni ko tutocin ban gani sosai ba. Abin da na iya haɗiya a kwana biyu shi ne shayin karak na riyal ɗaya da gurasar 'yan Indiya.

Ranar Juma'a muka sauka a unguwar Mansura. Nan babu ƙyalƙyali, sai ƙananan shaguna da shanya a kowace taga. Baba yana ɗaki ɗaya da mutum biyar, biyu 'yan Zangon Kumasi. Su suka fita suka ba mu wuri. Kafil ɗinsa, wato ubangidansa na aiki, awa biyu kacal ya ba shi, ga lauya da tafinta suna jira a bidiyo don ɗaukar rantsuwarsa.

Na durƙusa na ce, "Baba, sau ɗaya kawai."

Ya ce, "Ɗana, ko ranar sunansa ban faɗa ba. Sai yanzu da ba ya nan?"

Na kunna waya na ajiye a gabansa. Aka fara. Ya ba da labarin harin tiryan-tiryan, muryarsa ko rawa ba ta yi. Da aka zo kan suna ya yi shiru. Sadarwa ta yanke, ta dawo, yana nan shiru. Direban motar kamfani da zai mayar da Baba aiki ya fara danna ham a ƙasa yana kiran yalla, yalla, wato a yi sauri. Gumi ya jiƙa mini riga duk da sanyin na'ura.

Baba ya dube ni ya ce, "Ƙanenka ne ya ɗauko mini gawar a kafaɗa, ko?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Sai ya juya ga wayar ya faɗi sunan, a hankali, sau ɗaya. Tafinta bai ji ba, ya nemi a maimaita. Wallahi ji na yi kamar in fasa wayar. Baba ya maimaita, ya ɗauki hularsa ta aiki ya sauka, bai yi mana sallama ba.

Wasan da na sayi tikitinsa ban je ba. Corniche, bakin teku, na tafi na zauna ina kallon kwale-kwale har la'asar.

Mun dawo Kano lafiya. Bayan mako uku ƙanena ya kira yana kuka, an dakatar da korarsa, za a duba ƙarar daga farko. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma tafiyar nan ta nuna mini cewa wani taimakon ya fi ƙarfin godiya. Na kira Baba na gaya masa. Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ce, "Tun ranar nan bakina ya ƙi daina kiransa."