Ludayin Inna a Hagu

Daminar da aka ɗaga tutar ƴancin kai ita ce daminar da Innarmu ta rasu. Ina Agiye lokacin, sabon mushen lakol, wato malamin makarantar boko, bisa tsani da gwangwanin fenti a hannu, domin diraktanmu ya matsa sai an zana tuta a bangon lakol kafin manya su zo daga Maraɗi. A nan wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kira ni daga ƙasa ya ce in sauko, ana nemana gida. Kafin in kai garinmu Gidan Sori an riga an binne ta.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne fuskarta. Ba a yi sati biyu ba na fara neman ta a cikin kaina ina rasawa. In na rufe ido sai in ga kallabinta, in ga tsagar Gobir a kumatunta, amma tsakiyar fuskar ta ƙi tsayawa. Hoto kuwa babu. Wa ya isa ya kawo mai hoto gidan Baba? Malami ne mai tsauri, kuma tun ina ƙarami ya yanke mini hukunci. Ranar da na zana jakin maƙwabcinmu da gawayi a bangon zaure, ya kama kunnena ya ce, “Ranar lahira za a ce ka hura mai rai. Kana iyawa?” Na ce ba na iyawa. Ya ce to kada ya ƙara gani.

Shi ya sa na zama mai zanen abin da ba shi da rai. Tulu, albasa, ƙwarya, takalmin da aka cire a bakin ƙofa. Abokaina a makarantar horon malamai suna ta zanen ƴan mata da dawaki, ni ina zaune gaban tukunya. Suna yi mini dariya, wai mai hoton kayan miya. Ni ma ban san abin da nake nema a jikin kayan ba. Ban taɓa tsara zane kafin in fara ba, zama nake yi ina kallon abu har hannuna ya gaji da jira ya tafi da kansa. A can ne kuma wani bature mai koyar da zane ya nuna mana yadda ake sassaƙa hoto a jikin katako, a shafa tawada, a danna takarda, hoton ya fito sau da yawa. Na gwada da tulu ɗaya, ya yi kyau, na ajiye abin a raina.

Bayan an share makoki, ɗakin Inna ya zauna yadda ta bar shi, domin ba a taɓa kayan mamaci sai an yi sadakar arba'in an zo rabo. A kusurwar gabas ga ƙwaryar furarta, wadda ta taɓa tsagewa gyartai ya ɗinke ta, ɗinkin ya yi baƙi don tsufa. Faifai a rufe bisa kanta, ludayi a kwance bisa faifan, maburgi a jingine da randa. Haka ta ajiye su da hantsin ranar da zazzaɓin ya kwantar da ita. Kullum sai in shiga in tsaya, in fita, in zagaya rumbu, in sake dawowa, kamar kazar da za ta yi ƙwai. Na kasa zama, na kasa komawa Agiye, ga dirakta yana ta aiko saƙo cewa rabin tuta na nan a bango tana jirana.

Yayarmu, wadda take aure a nan cikin gari, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar. Mace ce mai faɗa, ni ma ba kanwar lasa ba ne, don haka ba ma daɗewa wuri ɗaya ba a ji mu ba. Ta ce mini, “Kai, wanga shige da fice ya ishe ni. Ko ka zauna ko ka tahi wurin aikinka.”

Na ce, “Yaya, so nake in zana kayan Inna kafin a raba.”

“Ka zana ƙwarya? Ƙwarya dai wadda ka sani?”

Na yi mata bayani cewa in an raba, ƙwaryar za ta tafi Gazawa wurin ƙanwarmu, randa ta bi wani, ludayi ya bi wani, ba za su ƙara haɗuwa wuri ɗaya ba har abada. Na ce zan sassaƙa a katako in buga, kowa ya samu nasa. Ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce ta ji, amma da sharaɗi. Ta san halin ƴan lakol, gobe sai a ga ƙwaryar Inna rataye a kantin wani a Maraɗi, kowane ɗan iska yana kallo. Za a buga wa waɗanda suka sha nononta kaɗai, mu huɗu ke nan, sa'an nan a fasa katakon. Na ce na yarda. Baba kuwa ba wanda ya sa shi cikin lissafi. Mun san ra'ayinsa game da zane, kuma tun rasuwar bai ko leƙa ɗakin ba, daga zaure sai masallaci.

Na je wurin masassaƙi na karɓi allon aduwa wanda ba a taɓa rubutu a kai ba, na ari ƙaramar wuƙa wurin masu zanen ƙore, na wasa ƙusa ta yi baki. Sa'an nan na zauna a ɗakin, allo bisa cinya, hannu ya ƙi tafiya. Wayyo, kwanakin nan! In na ɗora wuƙa sai in ji kamar ba a nan ya kamata in fara ba. In tashi in tafi gona wurin ƙanena, in kama hauya in yi kunya biyu in yar, in dawo. Har bakin kasuwa nake zuwa ba abin da zan saya. Gero ya fitar da kai, ya fara nuna, ranar arba'in tana matsowa, allona fari fat. Yaya in ta wuce sai ta leƙo ta ce, “Mushe, yau ma ƙwaryar ce ta hi ƙarhinka?” In ji kamar in jefe ta da allon.

Ana gobe sadaka ƙanwarmu ta iso daga Gazawa, bayan ta sha wuyar hanya, mota ta kafe a laka, ƙarshe amalanke ya ƙaraso da ita. Tana shiga ɗakin ta ga ƙwaryar ta fashe da kuka, ta durƙusa za ta ɗauka. Na daka mata tsawa, “Kar ki taɓa!” Ta tsorata ta ja baya. Ni ma na tsorata da muryata. Amma tana fita na ji hannuna ya saki. Na fara daga ɗinkin gyartan nan, ban san dalili ba, na bi cikin ƙwaryar, na hau faifai, na bi doron ludayi har bakin mariƙinsa. Ido bisa kaya, wuƙa bisa allo, abin da na gani shi nake yankawa, ban tsaya auna komai ba. Azahar ta wuce ni, sai da ƙanena ya zo ya taɓa ni na tashi na yi salla.

Washegari aka yi sadaka da safe, malamai suka yi addu'a, aka raba waina da goro, jama'a suka watse. An sa rabon kaya bayan la'asar. Na kankaro baƙin tukunya na dama da ƙaro ya yi kauri, na ƙulla tsumma na dinga dangwala wa allon, na shimfiɗa takardar zane da na zo da ita daga lakol, na murza bayanta da gindin cokali. Da na ɗaga ta farko daɗi ya rufe ni. Ga ƙwaryar nan ta zauna daram, ɗinkin ya fito har ana iya ƙirga zaren. Na buga huɗu, na jera su bisa tabarma a inuwar rumbu, na danne da ƴan duwatsu don iska. Na kira su su zo su gani, ina ta washe baki.

Yaya ta sunkuya ta duba, ta duba, ta miƙe ta riƙe ƙugu.

“Mi ne ne wanga?”

“Kayan Inna mana.”

“Diba ludayin. Ina mariƙinsa ya dosa?”

Na duba. Mariƙin ludayin yana hagu. Na ruga ɗaki na leƙa, na ainihin yana dama, inda mai damu zai kai hannu ya ɗauka. Sai a lokacin abin da baturen nan ya faɗa mana ya dawo mini: duk abin da ka sassaƙa a katako, a juye yake fita bisa takarda. Da tulu na taɓa gwadawa, shi kuwa tulu ba shi da dama ba shi da hagu. Kaico!

Yaya ta ɗora hannu a ka. “Ka mai da Innarmu bahaguwa! Matar da duk garin ga an san tsabtarta, ka nuna da hannun hagu take dama ma mutane hura? Hannun da ake tsarki da shi?” Ƙanwarmu ta sake fashewa da kuka. Na ce a ba ni kwana biyu in sake wani allon. Yaya ta ce wane kwana biyu, yarinya ta baro ƴaƴa a Gazawa, gobe da sassafe za ta kama hanya da ƙwaryarta. Na ce ba a raba kayan nan yau, ta ce ni ban isa ba. Muka yi ta sa-in-sa har maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Ƙarshe ta sunkuci allon ta ce ai dama alkawari ne, ta aza shi bisa gungume ta sa gatari ta raba shi biyu, ta cusa a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. Na tsaya ina kallonsa yana ci, tawada tana tafasa a jikinsa. Da namiji ce da mun daku ranar nan.

Hayaniyar ce ta shigo da Baba daga zaure. Na matsa don in tare tabarmar da jikina, amma ya riga ya gani. Ya tako a hankali, carbi a hannu, ya tsaya bisa takardun. Na ce a raina shi ke nan, sauran ma wuta za su bi. Ya durƙusa, abin da ba ya yi sai a salla, ya janye dutsen da ke kan guda ɗaya, ya ɗaga ta kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallo.

Bai ɗago ba ya ce, “Wa ya hwaɗa maka?”

Da yake ni ne ɗansa namiji na fari ba ya kama sunana, don haka sai da na waiga in tabbatar da ni yake. Na ce, “Baba, kuskure ne. Katakon ne ya juya shi.”

Yaya ta ce, “Na riga na ƙone allon, Baba. Waɗannan ma yanzu...”

Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya ce, “Uwarku bahaguwa ce.”

Baba bai taɓa zancen Inna a gabanmu ba, ko da tana da rai, balle yanzu. Ya ci gaba da magana, idonsa bisa takardar. Ya ce da aka kawo ta gidan nan da hagu take komai. Kakarmu ta rantse ba mai shan furar hagu a gidanta, Inna ta yi ta fama har ta koyi dama, tana zubarwa ana mata dariya, kafin a haifi Yaya ta riga ta gwane har ba mai iya ganewa. Amma in furarsa ce shi kaɗai, a cikin ɗaki, ta saki labule, da hagu take dama masa, ta ajiye ludayin haka. Ya sa yatsa bisa mariƙin da ke jikin takardar. Ya ce, “Ta hagun ta hi daɗi.”

Yaya ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya bi takardun da kallo ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi, na gane ƙirgawa yake yi. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni.

“Ni ina nawa hwa?”

Na waiga wajen murhu. Allon ya zama garwashi, tuwo yana tafasa a kansa. Na ce, “Wanda ke hannunka naka ne, Baba.” Rabona ne na ba shi, kuma duk mun sani. Ya miƙe da ƙyar, ya riƙe takardar da hannu biyu don kada tawadar ta goge, ya wuce zaure.

Bayan la'asar aka raba kaya. Ƙwarya ta tafi Gazawa, ludayi ya bi Yaya, randa ta zauna wurin matar ƙanena. Na koma Agiye na ƙarasa tutar dirakta. Na sha gwada sake zanen nan daga ka, a Agiye da sauran garuruwan da aiki ya kai ni, bai taɓa fitowa ba, ƙwarya kawai nake samu da ludayi. Fuskar Inna ma ba ta dawo ba. A cikinmu huɗu ni kaɗai ne ba ni da takardar, sai dai in na je gida in gan ta a bangon zaure daidai inda Baba ke zama, wurin da ya taɓa sa ni na wanke zanen jakin nan da tsumma. Duk hantsi in an kawo masa fura, sai ya juya mariƙin ludayin hagu kafin ya ce bismilla.