Yadda Miyar Azumi Ta Shiga Kowane Gida

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Sabiyal ya san miyar kukar Azumi, matar Ladan manomin albasa. Tun ina ƙaramin malamin firamare nake cin ta. Mata sun sha roƙon ta gaya musu yadda take yi, sai ta ce, "Kuka ce da ruwa, ku ma kuna da su."

Bara likita ya ce Ladan na da hawan jini, ya hana shi gishiri. Azumi ta cire gishiri da magi, ta ƙara daddawa da albasa soyayya da garin busasshen kifi. Miyar ba ta lalace ba, amma Ladan ya ce abincin marasa lafiya ce.

To, mu har yau ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan maƙwabcinmu Attahiru, a haɗa a ci. Ladan sai ya tura nasa tsakiya, ya matsa kusa da na wani. Wa zai hana maƙwabci sa hannu? Ƙafafunsa suka fara kumbura.

Da Azumi ta gane, ba ta yi masa faɗa ba. Ta yafa mayafi ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya.

Matata Gudiya ta ce, "Yaya Azumi, lafiya da rana tsaka?"

"Miyata kike so ko ba ki so?"

"Yau kuma? Wadda kika hana ni tun ina amarya?"

"Ɗauko tukunya. Amma kada gishiri ya shiga kwanon ciyayya. Mai so ya barbaɗa a ɗakinsa."

Ta tsaya a kansu har kowacce ta iya: albasa ta yi ja kafin daddawa ta shiga, kuka kuma sai an sauke wuta.

Ran nan Ladan ya ɗanɗana kwanon Attahiru, ya koma nawa, ya miƙa hannu ga na uku. Ya dube mu.

"Wagga miya ta gidana ce! Ku duka kunka kamu da hawan jinin?"

Attahiru ya ce, "Ci, Malam Ladan. Saboda kai munka samu miyar Azumi."

Ya ci yana gunaguni. Yanzu takalminsa na shiga. Azumi kuwa ta ce ta Gudiya ta cika ruwa.