Zana Ashirin da Huɗu

A Moshi Zongo ba a auna fili da tef. Zana ake ƙirgawa. In ka tambayi girman gidan mutum, sai a gaya maka yawan zanar da ta kewaye shi, shi ke nan. Ban san wane gwani ne ya ƙirƙiro wannan shirme ba, amma dattawanmu sun riƙe shi kamar a Littafi aka saukar.

Shekarar da aka samu 'yancin kai nake koyar da lissafi a wata firamare a Sakasaka. A shekarar ce mahaifina ya rasu. Filin gidanmu shi da ƙanensa suka samu tare, don haka aka ce a raba biyu, rabi na Baffa, rabi namu ni da mahaifiyata. Mma ba ta nemi komai ba sai wurin da za ta gina ɗakinta, ta kafa murhun kokon da take sayarwa.

Baffa mutum ne mai tsumma a kafaɗa da carbi mai doguwar wutsiya, wanda ko gaisuwa yake sai ya yi gyaran murya. Shi ya kafa turaku da kansa, ya tara dattawa. Nasa zana shida ta kowace fuska. Namu goma a tsawo, biyu a faɗi, siriri a bakin kwata.

"Ku ƙirga," in ji shi. "Ashirin da huɗu nan, ashirin da huɗu can."

Suka ƙirga da yatsu, suka gyaɗa kai, wani har da yabon adalcinsa.

Abin da nake koya wa 'yan aji huɗu ke nan a wancan makon: kewaye daban, faɗin ciki daban. Na durƙusa na ce, "Baffa, ai ba a kan zana za mu kwana ba, a ciki za mu kwana." Na ɗauki kara na zana filayen biyu a ƙasa, na yanka su gida-gida. Nasa talatin da shida, namu ashirin.

Baffa ya dubi zanen, ya dubi dattawa. "Madam ta zo mana da darar yara." Aka bushe da dariya. Manyan mutane masu furfura, waɗanda in goro ne ba ka isa ka rage musu ƙwaya ɗaya a kwando ba, suka zama makafi da rana tsaka. Ba jahilci ba ne. Sun gani sarai, shi kuwa ya fi kowa gani, tunda bai zaɓi siririn ba. Wallahi har yau in na tuna fuskokinsu sai na ji na raina su sabo.

Mma ta ja gefen zanen da na ɗaura. "Tashi. Ba a ja-in-ja da baffa a gaban mutane."

Haka muka zauna. Ɗakin ya fito dogo kamar taragon jirgin ƙasa, ƙofarsa na kallon zanar Baffa, tsakaninsu wajen wucewar mutum ɗaya. Da damina kwata ta cika ta shigo murhu. Mma tana dama koko da ƙafafunta cikin ruwa, Baffa na shan inuwar darbejiyar da ya shuka a tsakiyar tsakar gidansa, kuma kullum da safe sai ya aiko a zuba masa.

Ranar da Mma ta rasu, aka shigar da makara da ƙyar a karkace. Da aka ɗora gawar, fitowa ta gagara, don babu wurin juyawa. Dattawan nan dai suka tsaya cirko-cirko, makara rabi a ɗaki rabi a waje. Dole Baffa ya kwance zana biyu, aka bi da ita ta cikin filinsa.

Da suka dawo daga maƙabarta, bai zauna karɓar gaisuwa ba sai da ya ɗaure zanarsa a inda take.