Malam Ishaku, Mai Ƙirga Tsutsa

Kowace safiya ta damina, kafin masu ƙosan unguwar Abakpa su tsame kaskon farko, Malam Ishaku ya riga ya ɗaure kwalabensa a bayan tsohon babur, ya kama hanyar Zariya. Shekara talatin da ɗaya yana malamin gona, sai watan jiya ya yi ritaya. Manoman bayan Katabu ba su san matsayinsa a ofis ba. Mai ƙirga tsutsa suke ce masa, kuma da farko ba yabo ba ne.

Yakan shiga gonar auduga da gwiwoyin da suka gaji da sunkuyo, ya ɗaga ganye, ya ƙirga tsutsar da ke huda 'ya'yan auduga. Magana ɗaya yake maimaitawa har bakinsa ya gaji: idan aka daɗe ana fesa magani iri ɗaya, tsutsar da ta tsira ita ke haihuwa, jikokinta kuwa sai su sha shi kamar kunu. A ce masa to, a jira babur ɗinsa ya sha kwana, a ƙara murfi biyu a jarkar feshi.

Ɗahiru, mutumin Funtuwa, shi ne manomin auduga na ƙarshe a wannan yanki. Maƙwabtansa duk sun sayar wa masu yanka fulotai, bulo ya kewaye shi ta gefe uku. Shekaru uku da suka wuce ya rantse cewa in tsutsa ta sake cinye gonar, shi ma zai sayar ya huta. Ya kuma gaya wa Malam Ishaku a gaban mutane cewa shawararsa ta a canza magani banza ce, domin shi ya canza har sau uku: mai jan murfi, mai koren murfi, da mai hoton tsutsa a kwance.

Malam Ishaku bai yi musu ba. Ya sa aka kawo robobin ukun, ya jera su a kan kunya, ya sa tabarau, ya nuna wa Ɗahiru ƙaramin rubutun da ke bayan kowacce. Sunan sinadarin ɗaya ne. Ɗahiru bai yi boko ba, amma ya bi haruffan da yatsa.

"Malam," ya ce, "ashe murfi nake canzawa?"

Kai ne, Malam, ka rubuta masa sunayen sinadarai daban-daban a bayan kwali, don ya riƙa kwatantawa harafi da harafi a shago. Kai ne ka hana shi feshi har sai ƙirgar tsutsa ta kai adadin da ya kamata, kana zuwa kullum da man babur na aljihunka, shi kuwa yana kallon gonarsa kamar zai yi kuka. Kai ka koya masa sa tsutsa goma a kwalba da ganyen da aka fesa, washegari a duba nawa suka mutu. Audugar waccan kaka ba ta cika mota ba, amma ta isa Ɗahiru ya sallami masu fulotai.

Ba a ba ka lambar yabo ba. Agogon bango aka ba ka ranar ritaya, da ciwon baya da ka samo da kanka. Mun gode, Malam Ishaku. Masu ɗaukar jarkar feshi, ku juya roba ku duba bayanta. Sababbin malaman gona kuma, ku cire takalmin ofis ku shiga kunya.

Na so in ce Malam Ishaku ya huta, amma ranar Asabar ina gidansa Ɗahiru ya yi sallama, riƙe da kwalba. Ya gaida maman gida, Ruth, matar Malam, ya ajiye kwalbar a kan tebur. Sabon maganin ya gwada, shi kaɗai, ba wanda ya sa shi.

"Uku ba su mutu ba, Malam."

Malam Ishaku ya daɗe yana kallon tsutsotsin suna cin ganye. Gajiya ce a fuskarsa, da wani abu mai kama da alfahari. Ruth ta shiga ɗaki, ta fito masa da makullin babur.