Tulun Tagullar da Aka Ba Ni Ajiya

Na yi shekara ashirin da wani abu ina kai-komo tsakanin Madina da Yanbu, kuma ko yanzu da na ajiye aiki, idan aka ambaci hanyar nan sai ƙashin bayana ya amsa. A unguwar Azizya ta Madina aka haife ni. Kakana ne ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa, bai koma ba. Ni kuwa abincina a Yanbu Allah ya ajiye shi, a wata ma'aikatar yanka dutsen daɓe, wanda muke ce wa ruham, inda nake riƙe da sito. Duk Alhamis nakan dawo gida a gajiye da kifi a bayan mota, in tarar da 'ya'yan da nake yi wa Hausa suna amsa mini da Larabci.

A cikin masu yankan dutsen akwai wani dattijo Ba'indiye, mabiyin addinin Hindu, siriri, mai yawan tari. Sadik, wato aboki, nake ce masa, shi ma sadik yake ce mini, kamar yadda kowa ke kiran kowa a wurin aiki. Ya fi kowa iya injin yankan, ya kuma fi kowa raina shi. Iyayensa da kakanninsa masassaƙan dutse ne, su ke gyaran wani tsohon ɗakin bauta a bakin kogin garinsu, shi kuma ga shi nan yana yanka matakalar gidajen mutane.

Da farko ban so jin labarin ba. Ni mutumin Madina, me ya haɗa ni da ɗakin gunki? Amma hutun rana a Yanbu yana da tsawo, zafi kuma ba ya barin mutum ya yi gardama. Haka na riƙa sauraro ina cin shinkafata, yana ba ni da guntun Larabcinsa, inda kalma ta ƙare ya ƙarasa da hannu.

Ya ce tun kafin a yi ginin, wata saniya ce kullum take dawowa daga kiwo babu nono. Da makiyayin ya bi ta, sai ya ga tana tsayawa a kan wani baƙin dutse a bakin ruwa, nonon yana zuba da kansa. Labari ya kai ga mai mulkin ƙasar, ya sa aka gina ɗaki a kan dutsen. Ya ce babu siminti ko laka a ginin gaba ɗaya, dutse ne aka fafe ya shiga cikin dutse. Hasumiyarsa hawa-hawa ce, tana tsukewa zuwa sama, kowane hawa cike da siffofin mutane da giwaye da furanni. Akwai ginshiƙan da idan ka ƙwanƙwasa su da yatsa kowanne da irin amonsa. Daga bakin ƙofa kuma matakala ce mai faɗi ta gangara har cikin kogin, kuma wai duk damina ruwa yakan hau ta, ya shiga ɗakin, ya taɓa gindin dutsen, sannan ya ja da baya.

Na ce masa ambaliya ce kawai. Ya ce to, amma ambaliyar da ta san inda za ta tsaya.

Ibadarsu ma ya ba ni labarinta. Da sassafe a yi wanka a kogin, masu hidimar ɗakin su wanke dutsen da ruwa da madara, a kaɗa ƙararrawa, a zagaya da fitila mai harsuna da yawa, kowa ya miƙa tafinsa ga wutar ya shafa a fuska. Da yamma mata su ɗora acibalbal a kan ganye su sake wa ruwa. Wanda ya mutu a ƙona shi, tokarsa ta bi kogin. Ina ji ina istigfari a zuci, amma ba zan ɓoye ba, na kai ga sanin matakalar nan kamar na taɓa zamewa a kanta.

Tarinsa ƙurar dutse ce ta shekaru. A shekararsa ta ƙarshe ya kai ba ya iya hawa bene, aka kwantar da shi a asibiti a nan Yanbu, likita ya ce ba zai iya hawa jirgi ya koma gida ba. Da na je duba shi wata Alhamis kafin in kama hanya, ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin matashi. Jan ƙyalle ne an ɗaure da zare rawaya, a ciki akwai ɗan tulun tagulla da bai fi dunƙulen hannu ba, bakinsa a liƙe da dalma.

"Sadik, ruwan koginmu ne," in ji shi. "Uwata ta ba ni ranar da zan taho. Masu shara sun kusa jefar da shi sau biyu. Ka riƙe mini. Idan ka ga abin ya zo, ka ɗiga mini a baki. Shi ke nan abin da nake so."

Na gane maganar sarai, don mu ma haka muke yi wa namu da zamzam. Na karɓa na ce babu mushkila. Ƙarya nake, akwai.

A wancan lokacin akwai allo a hanya kafin a shiga Madina, wanda ke nuna iyakar da wanda ba Musulmi ba zai tsaya. Na wuce shi sau ɗaruruwa ban taɓa ɗaga kai ba. Ran nan sai da na sauka gefen titi na kashe mota. Ruwan bautar wani abu ne zan shiga da shi garin Annabi? In ajiye shi a ina kuma, a gindin dutse? Na zauna ina ta gardama da kaina har gumi ya jiƙa mini riga. A ƙarshe na yi irin sulhun ragwaye: zai shiga gari, amma ba zai shiga gidana ba. Na tura shi can ƙuryar bayan mota, ban gaya wa kowa ba.

Kifin ne na manta ban fitar ba. Ina kwance na miƙe bayana, Hajiya, matata, ta ɗauki makulli ta je ɗauko shi. Ta daɗe tana cewa ciwon bayan nan nawa ba na Allah da Annabi ba ne, wani ne a wurin aiki ya sa mini hannu. To ga jan ƙyalle, ga zare, ga tulu a liƙe, an ɓoye a motar mijinta. Babu 'yar Hausar da za ta tsaya tambaya. Ta sa taɓarya ta fasa dalmar, ta tsiyaye ruwan a ƙasa a bayan gida tana karanta Falaƙi da Nasi. Sannan ta shigo da tulun a cikin leda, fuskarta cike da nasara.

"Alhaji, tashi ka ga abin da nake gaya maka. Halas, ya ƙare, na karya shi."

Na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba tun da muka yi aure, har yara suka leƙo. Ta tsaya tana kallona, da na gama ta ce, "Da ka gaya mini ai da ban taɓa ba." Gaskiyarta. Na fita bayan gida, na tarar ƙasa ta riga ta shanye, ko danshi babu.

Juma'ar nan ban san abin da liman ya faɗa ba. Na yi tunanin in je in gaya wa mutumin gaskiya, sai na tuna yadda ya miƙo ƙullin da hannu biyu. Na yi tunanin ruwan famfo, na ji kunya. Da la'asar na buɗe jarkar zamzam ɗin da ba ma rabuwa da ita a gida, na cika tulun, na ɗiga kakin kyandir na toshe bakin. Na ce wa kaina ai abin da ya fi nasa zan ba shi. Ko a lokacin na san ba wannan ya roƙe ni ba.

Da na koma Yanbu na same shi jiki ya yi tsanani, an rufe masa hanci da baki da robar iska. Rana tsaka ce, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi. Ya ga ƙullin a hannuna, ya ɗaga yatsa. Na juya masa baya na ɓare kakin don kada ya gani, na ɗaga robar, na ɗiga masa da cokalin shayi. Ya riƙe ruwan a bakinsa ya daɗe kafin ya haɗiye. Sannan ya buɗe ido ya kalle ni, kallo mai tsawo. Ruwan da ya shekara ashirin a cikin tagulla da wanda ya kwana biyu ba za su zama ɗaya a harshe ba, zamzam kuma tana da nauyinta da kowa ya sani. Ko ya gane, ko bai gane ba, ban sani ba. Ya dafa bayan hannuna, ya mayar da idonsa ya rufe.

Ban ce masa ya yi shahada ba, ban kuma gaya masa gaskiya ba. Na zauna kawai har aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Bayan kwana biyu ya cika. Aka yi ta fama da takardu kafin a aika gawarsa gida, ni na riƙa bin ofis-ofis, don babu wanda ya fi ni kusa da shi.

Ban taɓa kai maganar gaban malami ba. Na san amsar da zan samu, kuma ba ita ce ke damuna ba. Na gaji da juya abin a raina, amma ya ƙi kwanciya.

Bayan kamar wata guda ina sito ina lodin kaya, waya ta shigo daga Indiya. Ƙaninsa ne, shi ma ya taɓa aiki a ƙasar nan, yana jin Larabci kaɗan. Ya ce sun ƙona shi a gindin matakalar, sun ba kogin tokarsa. Tsohuwarsu tana raye, tana kusa da shi, ba ta ci, ba ta sha, sai an yi mini tambaya ɗaya.

"Sadik, ruwan ya same shi kafin ya tafi?"

Ina jin numfashin tsohuwar a cikin wayar. Na ce ya same shi, da hannuna na ba shi. Ya juya ya faɗa mata da harshensu, na ji ta fashe da kuka tana maimaita wata kalma. Ya ce albarka take sa mini, ni da 'ya'yana. Na ce amin.