Damin Irin da Na Sauke Daga Mota

A wancan lokaci ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aikin gwamnati a Yola, ina da 'yar mota ta hannu, kuma a gidanmu ni ake jira in yanke magana. Mahaifina manomi ne a Mugulbu, kusa da Mubi. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, bai kuma taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin fagen daga ba. Mutanen gari Saja suke kiransa, har Inna, mahaifiyarmu, idan tana son tsokanarsa. Ni kuwa Akawu yake ce mini, musamman idan na kawo shawarar da ba wanda ya nema.

Kowace shekara, kafin a girbe dawa, Baba yakan shiga gona shi kaɗai da wuƙa, yana bin kara ɗaya bayan ɗaya, yana yanke zangarniyar da ta fi cika. Sai ya ɗaure su dami guda, ya rataye a saman murhu domin hayaƙi ya hana ƙwari taɓawa. Wannan shi ne irin baɗi. Wata jar dawa ce mai gajeren kara, ba ta cika rumbu kamar ta zamani. Na sha ce masa ya canza iri, yakan amsa da cewa ranar da Akawu ya fara noma da biro, shi ma zai fara karɓar albashi.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, na zo ganin gida ne abin ya rutsa da ni. Da hantsi muka fara jin harbi, kafin azahar hanya ta cika da mutane. Na ce kowa ya shiga mota: Inna, ƙanwata da 'ya'yanta, da wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Baba ya zauna a ƙofar gida ya ce ba inda za shi, wai ya ji bindigar da ta fi wannan murya, dawarsa kuma ta nuna. Inna ta fito daga motar ta zauna kusa da shi, ta ce to madalla, tunda Saja zai tare su da fartanya, ita ma ta zauna, sai ya tanadi wanda zai binne su biyun. Wannan ce ta tashe shi. Ya shiga ciki, ya fito ba jaka ba takalmi na kirki, sai damin irin nan da ya yanko a makon. Ya sa shi a bayan mota. Ni kuma na sauke shi domin in sa buhun shinkafa. Ya ce Akawu, a bar shinkafar, ai ana sayar da ita a Yola. A nan ne na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce rai ake gudu da shi, ba abincin tsuntsaye ba. Ya dube ni. Ya ɗora damin a kan katanga, ya shiga mota.

Watanni muka yi cunkushe a ɗakuna biyu a Yola. Baba ya rage cin abinci, ya rage magana. Wata la'asar muna ɓarar gyaɗa, ba tare da na tambaya ba, ya soma ba ni labari. Ya ce kakansa ne ya sauko da irin nan daga kan dutse a cikin gora, lokacin da suka zo suka sari daji a Mugulbu. Lokacin da Baba ya tafi yaƙi, mahaifinsa ya riga ya rasu, sai mahaifiyarsa ta riƙa shuka shi ita kaɗai a bayan gida. Mutane suka yi ta ce mata ta haƙura, ɗanta ya mutu, ita kuwa ta ce muddin tana shukawa, dole mai girbi ya dawo. Ranar da ya dawo, a bakin turmi ya same ta tana sussukar dawar. A cikin 'yan'uwansa duka, shi kaɗai ya ci gaba da riƙe irin.

Da muka koma gida, mun tarar an ƙone rumbu, shanu da tsuntsaye sun gama da gona, katangar ma ta zube. Na shiga nema. Na je wurin Goggo, ƙanwar Baba, a Wuro Patuji, ta yi dariya ta ce su tuni masara ta aure su. Na bi tsofaffin unguwar Lamorde, na bi kasuwa. Duk jar dawar da na kawo, Baba sai ya murza ta a tafin hannu, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya girgiza kai. Daga ƙarshe irin kasuwa muka shuka, ya kuma yi kyau fiye da duk abin da gonar ta taɓa bayarwa. Amma da kaka ta yi, Baba bai shiga da wuƙarsa ba.

Na nemi gafararsa. Ya ce shi ma a yaƙi an taɓa ba shi umarnin ya bar abokinsa da ya ji rauni, ya kuma bar shi, don haka ya san ba a zama a inuwa a yi wa mai gudu shari'a. Ya ce na fitar da mutane da ransu, Allah ya yi mini albarka. Sannan ya tambaye ni ko shinkafar ta kai wata guda. Ba ta kai ba, mu duka mun sani, muka yi dariya. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu.

Ban yi nadamar fitar da su ba, ko yau haka zan yi. Abin da ke damuna shi ne na girma ina ganin damin nan a saman murhu, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba, domin na ɗauka na riga na san darajarsa. Ina kira ga duk mai tsoho a gida: idan ka ga ya riƙe wani abu da kake ganin ba shi da amfani, ka tambaye shi tun ana zaman lafiya, domin ranar tashin hankali ba a samun lokacin bayani. Da na san labarin a ranar, ba sai na zaɓa tsakanin dami da buhu ba. Zangarniya ɗaya ta isa iri, aljihun rigata ma zai ɗauke ta.